Ranar buɗe tsofaffin gine-gine ga mutanen gari a Argungu: ta ina ake farawa?

Malamin Tarihi, Argungu:

Assalamu alaikum jama'a. Ina koyar da tarihi a wata sakandare a nan Argungu, kuma shawara nake nema daga waɗanda suka fi ni sanin kan abin.

Ni da wasu abokai muna so mu ware wata Asabar bayan an kawar da amfanin gona, mu gayyaci mutanen gari, manya da yara, a zagaya tsofaffin gine-ginenmu, kowane wuri a sami mai tsayawa ya yi bayani. Ba kuɗin shiga, ba jawabin babban baƙo.

Abin da ya sa na damu shi ne, duk yaron da ka tara a garin nan zai ba ka labarin kogin Matan Fada da bikin kamun kifi. Masu ƙoƙarin cikinsu har za su gaya maka cewa a 1934 aka fara shi a siffar da muka sani, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara. To amma tambaye shi ko ya taɓa sa ƙafa cikin Gidan Tarihi na Kanta, mai sunan Muhammadu Kanta da ya kafa daular Kabi, sai ya fara sosa ƙeya. Gidan da sarakunan Kabi suka zauna har 1942, aka mai da shi gidan tarihi a 1958, ga masu da takubba da bakuna da tambura, ga kaburburan sarakuna a ciki, amma ɗan gari yana ganin na baƙi ne masu zuwa da kyamara lokacin biki. Iyayen ma haka suke, ban ware kaina daga masu laifin barin abin ya kai haka ba a matsayina na malami, amma wannan zance ne na daban.

Gidan Kanta dai da shi za mu fara, wannan ba gardama. Inda na tsaya shi ne sauran. Ko mu ɗauki mota mu haɗa da Gwandu da tsohon birnin Surame a ranar? Sannan akwai tsofaffin zauruka na ƙasa a cikin gari waɗanda har yanzu mutane ke zaune a gidajen. Su na fi so a gani, amma ban san yadda ake tunkarar mai gida a ce masa ya buɗe wa taro ƙofa ba. Wa ake fara gani, mai unguwa ko kai tsaye fada?

Jikan Magina:

Wa alaikumus salam Malam, Allah shi saka da alheri. Gidanmu gidan magina ne. Kakana da tubali ya yi aiki har ƙarfinshi ya ƙare, ni ko yau da bulo da siminti nika cin abinci, don haka abin da zan faɗi ba son zuciya ba ne.

Bar batun mota tukuna. Gidan Kanta shina da masu kula da shi, ko ba ku je ba gobe shina nan. Zaurukan nan da ka ambata su ne ka tafiya, kowace damina sai an rasa wani. Kuma ba ruwan sama kaɗai ka kashe su ba. Indararo guda ya toshe da ganye, ruwa ya kwanta bisa soro, ya bi azara ya shiga katanga, shi ke nan. Da, kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an hau an yi yaɓe, an gyara indararo, an shafe da makuba, wadda aka samu daga ɓawon ɗorawa. Yanzu wa ka hawa? Sai mai gida ya samu kuɗi ya ce a shafe mai katangar ƙasa da siminti don ta yi kyau. Siminti ba ya riƙe ƙasa, danshi ya taru a bayanshi ba hanyar fita, wata rana ka ji ya ɓanɓaro gaba ɗaya ya taho da rabin katangar. Na ga wanga da idona a gidaje da dama, wasu ma mu anka kira munka yi shafen, mai kuɗi ya ce a yi.

In kun shiga zaure, ka ce ma yara su ɗaga kai. Azara daga giginya aka tsaga ta, gara ba ta cin ta da sauƙi, amma ba ta da tsawon da za ta haye babban ɗaki ita kaɗai. Shi ya sa magina sunka san dabarar ɗaurin guga: a jera azara gajeru gajeru, kowace ta ɗan wuce ta ƙasa da ita, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, daga kowane ɓangare har su haɗu a tsakiya. Ba ƙarfe ko guda. Sannan su auna kaurin katanga a bakin ƙofa da hannunsu, su ga yadda gindi ya fi sama kauri.

Shawarata babba: kada ku kai mutane zaure da safe. Ku bari sai rana ta take, wajen azahar, su fito daga zafi su shiga. Ba sai ka yi bayani ba, jikinsu zai gaya musu bambancinshi da ɗakin kwano.

Kuma ku nemo tsohon magini guda, a kawo mai birji da ciyawa da ruwa, a cuɗa tun kwanaki kafin ranar don ƙasar ta ruɓa, ya mulmula tubali gaban jama'a, gindi da faɗi kai da tsini. Ku bar yara su ɓata hannunsu. Amma a ba tsohon wani abu na kirki, ba goro biyu da godiya ba.

Batun izini, ta hannun mai unguwa za ka bi, shi ya kai ka ga hakimi, daga nan takarda ta isa fada. In ka tsallake mai unguwa, ko fada ta yarda sai ka iske zaure a kulle an ce mai gida ya tafi fadama. Abu guda kuma: ka ja kunnen mutanenka. Wasu masu gidajen kunya suka ji ana ce musu har yau gidan ƙasa. In wani ya shiga ya ce "kai, mutane na kwana nan?", ba ku sake ganin cikin gidan.

Uwar Ɗalibai, Gwandu:

Malam, sannu da ƙoƙari. Don Allah kada ka haɗa Gwandu da Argungu a rana ɗaya, za ku ƙare a mota ne, yara su gaji, a tsaya minti kaɗan a ɗauki hoto a juya. Gwandu ta cancanci ranarta. Hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yana nan, ƙanen Shehu, wanda aka ba riƙon yammacin daula, kuma Shehu da kansa ya zauna garin kafin ya koma Sifawa. Ko Baturen nan ɗan Jamus, Barth, sai da ya yada zango a Gwandu a 1853 zamanin Sarki Halilu. Mutane da yawa suna zaton Birnin Kebbi ce hedikwatar masarautar tun asali, don can fadar take yanzu. In kun zo sai ku ji yadda aka yi.

Sai dai hubbare ba gidan tarihi ba ne, a shiga ana surutu ana nuni da yatsa. A cire takalmi, a yi shigar mutunci, a yi sallama, a yi wa mamata addu'a, a tambaya kafin a ɗaga waya. Kuma ka sani cikin iyaye akwai waɗanda ba za su so a kai 'ya'yansu hubbare ba saboda fahimtarsu ta addini. Kada ka ɓoye. Rubuta a takardar gayyata ƙarara inda za a je, wanda ya yarda ya sa hannu. Gara a rasa yara biyar da a dawo ana rigima a ƙofar makaranta.

Yanzu ga abin da ya sa na shigo. Duk ku maza kuna ta zancen zaure, ɗan'uwana magini ma a zaure ya tsaya. To daga zaure zuwa ciki fa? Namiji baƙo iyakarsa nan, kowa ya sani. Amma rabin tarihin gidan yana ciki: rumbun ƙasa, madafi, tsohuwar rijiya, turmin da ya ga jikoki, ɗakin tsohuwa da jeren tasoshi da ƙoren da aka kawo ta da su. Kakata tana iya gaya maka shekarar da aka yi kowane ɗaki, ba da lamba ba, da haihuwar wane ko yunwar kaza. In kuna so a ga wannan, ku ware rukunin mata da 'yan mata, malama mace ta jagorance su, kuma uwar gida za a roƙa, ba mai gida kaɗai ba. A tafi mata da sabulu ko turmin atamfa. Hoto kuwa a ciki, a'a, sai in ita ta ce a ɗauka.

Direban Hanyar Sakkwato:

Malam, Surame ba wurin da za ka kwashi taron gari ka kai haka kawai ba ne. Da farko ma yanzu a jihar Sakkwato take, ta wajen Binji, ko da yake birnin Kanta ne tun ƙarni na 16. Daji ne, ba rumfa ba shago. Sai da rani, sai mota mai ƙarfi, sai ka ɗauki ɗan jagora daga ƙauyen da ke kusa, kuma yadda zamani ya zama, ka tambayi lafiyar hanya a satin da za ka tafi, ba labarin wata uku da suka wuce ba.

Amma wurin ya isa a gani. Ganuwar dutse ce, ba irin ta ƙasa da muka saba ba, ta kewaye fili mai faɗin gaske. Tun 1964 gwamnati ta sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa, a 2007 kuma aka miƙa sunansa jerin jiran UNESCO. Tsofaffi na ba da labarin cewa Nufawa sun makara zuwa aikin ginin, Kanta ya ce su kwaɓa tasu ƙasar da man kaɗe maimakon ruwa. Labarin baka ne, amma yara na son shi.

In kun tashi, manya kaɗan su fara zuwa. Kuma kowa ya bar tsingaro inda ya gan shi, kada a cika aljihu.

Ɗan Birni:

Ranka ya daɗe Malam, ni tambaya gare ni. Wane tarihin za a faɗa? A 1805 Malam Abdullahi ya ci Birnin Kebbi, Sarkin Kabi Muhammadu Fodi ya fita, a shekarar aka yi yaƙin Alwasa. A 1831 aka kashe Sarkin Kabi Karari. A 1849 ɗansa Yakubu Nabame ya tayar da Kabi bayan shekarun da ya yi a hannun Sakkwato, kuma ba a daina gwabzawa baki ɗaya ba sai da Turawa suka zo. Mai bayani a Argungu zai ce jarumta, na Gwandu zai ce tawaye. Yaro ya ji wannan yau, ya ji wancan wata mai zuwa, me zai riƙe?

Na biyu, ka yi hattara da masu cewa za su ɗauki nauyi. Da zarar an kafa rumfa an kawo lasifika, ranar ta zama tasu, ku kuna zaune kuna tafi har la'asar ba a shiga gini ko ɗaya ba.

Malamin Tarihi, Argungu:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya, maganar rukunin mata ta shiga, akwai malamar Hausa a makarantarmu da na tabbata za ta karɓa, kuma ta fi ni bakin roƙo. Gwandu da Surame mun ɗaga su zuwa wani lokaci.

Ɗan Birni, ni abin da kake tsoro shi nake nema. Yaron da ya ji labarin Nabame a tsohuwar fadar Kabi, ya je Gwandu ya ji yadda suke faɗar nasu, ya dawo ya tsare ni da tambaya wa ke da gaskiya, ya fara karatun tarihi ke nan. Abin da zan roƙi masu bayani kawai shi ne kada a zagi kakan kowa. Jikokin ɓangarorin biyu suna zaune benci ɗaya a ajina, wasu ma uwa Bakaba uba Bafulatani. Sarakunan da kansu sun zauna inuwa ɗaya tun 1934, ba mu za mu tono abin da suka rufe ba, amma rufewa ba ta ce a yi kamar ba a yi ba. Batun lasifika kuwa, ko aro ba za mu yi ba. Kowa ya zo da ruwansa, mu malamai mu haɗa kuɗin magini da na sabulun iyayenmu mata.

Tsarin yanzu: Gidan Kanta da hantsi, a ga tubali a wani fili kusa, a yi azahar, sannan zauruka, mutum goma goma don kada a cika wa masu gida ƙofa. Gobe bayan la'asar zan je gaida mai unguwarmu in fara shimfiɗa maganar.

Jikan Magina, saura kai. Cikin tsofaffin da suka yi aiki da kakanka, akwai wanda har yanzu hannunsa ke iya mulmula tubali? In akwai, ka yi masa magana tukuna kafin in je, kuma ka gaya mini kwana nawa ƙasar ke bukata ta ruɓa don mu san ranar da za a kawo birjin.