Neman shawara: intanet na jan ƙafa a kwamfuta ɗaya tak a gidanmu

Mai tambaya, daga Mabera:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Muna da rauta (na'urar da ke watsa intanet ta wayafayi) ɗaya a falo mai amfani da layin 4G, kuma wayoyin iyali da kwamfutar ƙanena suna buɗe bidiyo ba tare da tangarɗa ba, amma tawa kwamfutar ta hannu mai Windows, wadda nake aiki da ita a ɗakin ƙuryar gida, sai ta yi ta juyi kafin shafi ɗaya ya buɗe. Abin ya fi muni idan an ɗauke wuta, alhali rautar tana kan batirin sola. An ba ni shawarar in canza layi. Ko hakan zai yi magani?

Mai gyaran kwamfuta, daga Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka ɓata kuɗinka wajen canza layi, domin da layin ne ke da matsala, da kowa a gidan ya koka. Ka kai kwamfutar falo, ka haɗa ta da rautar ta kebul, sannan ka auna gudun intanet a fast.com. Idan ya yi sauri, matsalar tana tsakanin wayafayin kwamfutar da rautar. Yawancin rautocin yanzu suna watsa sigina a zango biyu, 2.4 GHz da 5 GHz. Na farkon ya fi ratsa bango da kaiwa nesa, amma cunkoso ya yi masa yawa, musamman a unguwar da maƙwabta ke da nasu rautocin. Na biyun ya fi sauri, sai dai bangon bulo biyu ko uku na iya raunana shi ƙwarai.

Wata malama, daga Arkilla:
Ƙanena, maganar ɗaukewar wuta ita ta ja hankalina. Idan kwamfuta ta koma kan batiri, tsarin adana caji yakan rage wa na'urar wayafayi ƙarfi, saboda haka ka kashe shi ka gwada. Haka kuma ka danna Ctrl da Shift da Esc tare don ganin jerin manhajojin da ke aiki, ka duba manhajar da ke shan intanet a ɓoye, domin sau da yawa sabuntawar Windows ce ko OneDrive mai ɗora hotuna.

Wani dattijo, daga Gawon Nama:
Ku ƙara da zafi. A watan Afrilu ma'aunin zafi a Sakkwato yakan haura digiri 40, kuma kwamfutar da ƙurar hunturu ta toshe wa fanka takan rage gudun kanta, har mutum ya zaci intanet ne.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Da kebul gudun ya daidaita da na wayoyi, kuma na lura kwamfutar ba ta ganin zangon 5 GHz sam.

Mai gyaran kwamfuta:
To, na'urar wayafayinta tsohuwa ce. Ka sayi ƙaramar na'urar wayafayi ta USB wadda aka rubuta a kwalinta cewa tana ɗaukar zango biyu, amma kafin nan ka ɗaga rautar sama ka matso da ita bakin barandar da ke kallon ɗakinka. Idan kuwa a tebur ɗaya kake zama kullum, doguwar kebul ta fi araha, kuma tana aiki har tsawon mita 100.