Ƙwallo na tashi ta hagu tana karkata dama: wanne ake fara gyarawa?

Assalamu alaikum masana golf. Badame ne ni, kuma da sandar direba (ta bugun nesa) ƙwallona na tashi ta hagu kaɗan, sannan ta lanƙwashe dama har ta bar fili.

Na'urar TrackMan mai auna bugu ta nuna sandar na shigowa daga waje zuwa ciki, wato tana bi ta hagu, da digiri 5, fuskarta (gefen da ke bugun ƙwallo) kuma na kallon hagu da digiri 2. Ke nan a rufe take ga tuta, amma a buɗe take da digiri 3 ga hanyar da sandar ke bi. Galibi fuska ce ke yanke inda ƙwallo za ta nufa da farko, wannan tazarar kuma ita ke lanƙwasa ta. Nan ba gardama.

Inda na maƙale: in na juya hannuna a kan mariƙi don fuskar ta rufe, ƙwallo ta miƙe sak hagu. In na ja ƙafar dama baya don hanya ta daidaita, fuskar ta buɗe, abin ya fi muni. Da na barbaɗa hoda a fuskar, tabon bugun ya fito kusa da dunduniyar sandar, wato gefen fuskar da ke kusa da ƙota.

Shin bugun dunduniyar ne ke ƙara karkatar? In fara da shi, ko da hanya?