Shin shiga kwamitin dokoki na ƙungiyarmu ya cancanci lokacin da zai ci?

Ɗan Nima, Akra:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena a wannan sana'a. Shekara uku ke nan ina ba mutane shawara kan tsara dukiyarsu, yawancinsu 'yan kasuwar Nima da Mamobi ne da malaman makaranta. A taron watan jiya shugaban ƙungiyarmu ta masu wannan sana'a ya nemi masu sa kai da za su riƙa bibiyar ƙudurorin majalisar dokokin Ghana, kuma aka ambaci sunana. Abu biyu ke sa ni jan ƙafa: aikin ba a biyan ko sisi, sannan ina gudun a shafa mini fentin jam'iyya, alhali masu zuwa wurina akwai 'yan NDC akwai 'yan NPP, manyan jam'iyyun ƙasar biyu. Shin majalisa tana sauraron irinmu kuwa?

Alhaji na Madina:
Wa alaikumus salam, ɗana. Tana sauraro, amma sai ka iske ta a ƙofar da ta dace. Sashe na 106 na tsarin mulkin 1992 ya ce a buga ƙuduri a jaridar gwamnati aƙalla kwana 14 kafin a gabatar da shi, kuma bayan karatun farko a miƙa shi ga kwamitin majalisa. A hannun kwamitin ne takardar ƙungiya take da amfani, domin a nan ake iya gyara saɗara, ba ranar da 'yan majalisa suka cika zaure ana ta hayaniya ba. Idan kuwa batun haraji ne, sashe na 108 ya bar gabatar da shi ga ɓangaren shugaban ƙasa, saboda haka Ma'aikatar Kuɗi za ku fara bi tun kafin a karanta kasafi.

Ka tuna Disambar 2022, lokacin da gwamnati ta sanar da musayar takardun bashinta na cikin gida, wato masu riƙe da su su karɓi sababbi a madadin tsofaffin. Ƙungiyoyin ƙwadago suka yi barazanar yajin aiki, aka tsame kuɗin fansho daga shirin. A Fabrairun 2023 tsofaffi masu riƙe da takardun suka yi zaman dirshan a harabar Ma'aikatar Kuɗi, har tsohuwar Alƙaliyar Alƙalai Sophia Akuffo ta zauna tare da su. Mu da muka fi kowa sanin asarar da kowane gida zai yi, a makare muka buɗe baki, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Malam Aboabo, Kumasi:
Alhaji, a gafarce ni, amma kada mu cika wa yaron nan ciki da buri. Wane irin ƙorafi ne ba a yi ba kan harajin tura kuɗi ta waya? Duk da haka ya wuce a Maris 2022, an dai rage shi daga kashi 1.75 zuwa 1.5, kuma sai da mulki ya sauya aka soke shi a 2025. Ƙanena, idan za ka shiga, ka nemi a faɗa maka awa nawa ne a wata, kuma a rubuta.

Hajiya ta Asawase:
Malam, ragin da ka raina ai a aljihun talaka ya zauna. Ɗana, ni dalilina na cewa ka shiga daban ne. Dokar fansho ta 2008, mai lamba 766, ta buɗe mataki na uku domin wanda ba ya karɓar albashi ya riƙa tara wa tsufansa da kansa, amma matan da nake zama da su a kasuwar Kejetia ta Kumasi mai karɓar susu, wato adashi, suka sani, kuma tambayarsu ta farko ita ce ko akwai riba ta haram a ciki. Wannan tambaya ba za ta shiga takardar ƙungiya ba sai akwai ɗan Zango a teburin da ake rubuta ta. Batun jam'iyya kuwa, kada ka sa hannu da sunanka a komai, ƙungiya ce mai magana, kuma duk takardar da za ku kai ku ba masu rinjaye da marasa rinjaye a rana ɗaya.

Ɗan Nima, Akra:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Zan karɓa na shekara ɗaya bisa sharaɗin Malam. Hajiya, ina roƙon ki tattaro mini tambayoyin matan Kejetia kafin zamanmu na gaba, ba tare da sunayensu ba.