Jini a dasashi, haƙori ya fara girgiɗi: a taimake ni da shawara

Tela daga Mabera:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta na wasu ina wucewa, yau abin ya zo kaina. Shekarata 47, ɗinki nake yi. An kusa shekara biyu duk sanda na yi asuwaki ko na sa buroshi sai jini ya biyo. Da farko ɗan ja-ja ne a bakin asuwakin, ban ɗauke shi a bakin komai ba. Yanzu ko rake na gatsa sai na ga shatin jini a jikinsa, da asuba kuma in na kurkure baki wajen alwala ruwan jajir yake fita. Dasashin ya kumbura, ya janye daga haƙoran ƙasa har sun yi kamar sun ƙara tsawo, ɗaya ma ya fara girgiɗi in na taɓa shi da harshe.

Abin da ya fi ci min rai shi ne warin. Ran Juma'a autata ta hau cinyata, sai ta toshe hanci ta ce, "Baba, bakinka." Uwarta ta daka mata tsawa, amma ni na san gaskiya yarinyar ta faɗa. Yanzu in zan auna wuyan mai kawo ɗinki, kawar da kai nake yi ina riƙe numfashi.

Mai kemis ɗin unguwarmu ya ba ni Flagyl da Ampiclox har sau biyu, abin ya lafa sati uku ya dawo. Na daina goge wurin don kar in fama shi. An ce in je asibiti a wanke min haƙora, amma abokina ya ce injin kankare haƙori yake yi, ya bar mutum da giɓi. Ina cin goro, ba na shan sigari. Me kuka gani?

Gwaggo ta Runjin Sambo:

Wa alaikumus salam ɗana, Allah shi ba ka lahiya. Wanga ciwo mun san shi tun muna ɗiya. Ka samu ruwan ɗumi ka zuba gishiri kaɗan ka riƙa kurkurawa sahe da dare. Ka daka gawayi da 'yar kanwa ka dirje wurin da yatsa, in da zogi ka danna kanumfari. Haka iyayenmu sunka yi, kuma da haƙoransu sunka tahi kabari.

Ɗan Kara:

Malam kada ka yarda a sa maka injin nan. Kawuna anka wanke ma, wata shida ba a yi ba haƙora biyu sunka zube. Gara ka bi na Gwaggo.

Mai aikin haƙori:

Yallabai tela, sannu da jiki. Aikina ke nan kullum, bari in yi maka bayani da ɗan tsawo, don maganar Ɗan Kara ita ce take hana mutane zuwa sai bayan gari ya waye musu.

Ka sa farcenka ka karci gindin haƙorinka da safe, za ka ga wani farin abu mai yauƙi. Ba ragowar tuwo ba ne, tarin ƙwayoyin cuta ne da suke mannewa a inda haƙori ya haɗu da dasashi. In buroshi ko asuwaki bai ɗauke shi ba, cikin 'yan kwanaki yawu yake daskarar da shi ya zama tsatsa mai tauri kamar siminti. Ka ɗauki madubi ka leƙa bayan haƙoran ƙasa na gaba, can ya fi taruwa saboda nan yawu yake ɓulɓulowa, kuma a bakin mai cin goro za ka gan shi ja ko baƙi. Da zarar ya daskare, babu buroshi, babu gawayi, babu ƙwayar magani da za ta ɓamɓare shi. Shi ya sa Flagyl ya yi maka sati uku kawai: ya kashe wasu ƙwayoyin, gidansu kuma yana nan.

Ciwon hawa biyu ne. Na farko dasashi kawai yake kumbura yana jini, wannan yana warkewa sarai in an tsabtace. Na biyu shi ne in kumburin ya gangara ya fara cin ƙashin da ya riƙe saiwar haƙori. Muna da ɗan ƙarfe mai awo da muke zurawa tsakanin haƙori da dasashi. A mai lafiya zurfin wurin milimita 1 zuwa 3 ne, in ya kai 4 ya wuce to aljihu ya buɗe, kuma a nan wari yake kwana. Janyewar dasashi da girgiɗin da ka faɗa sun nuna ka shiga hawa na biyu. Gaskiya ɗaya ce, ƙashin da ya tafi ba ya dawowa da kansa. Amma ana tsayar da ciwon inda yake, kuma haƙori mai ɗan girgiɗi yakan ƙara kamawa in kumburi ya sauka.

Ɗan Kara, Allah ya ba kawu lafiya, amma ba injin ne ya zubar masa da haƙora ba. Injin ba ya yankan haƙori, karkarwa yake yi yana fesa ruwa, tsatsar ta farfashe. Giɓin da mutum yake gani bayan wanki dama yana nan, datti ne ya cike shi. Kamar katangar da gara ta cinye ce, yaɓen waje ne kawai ya rufa mata asiri. Kawunka ya je ne bayan ƙashi ya ƙare.

Gwaggo, ruwan gishirinki na karɓa hannu biyu, yana rage kumburi. Kanumfari ma yana kwantar da zogi. Gawayi da kanwa ne ban yarda ba: gawayi yana cinye saiwar da ta riga ta fito fili, kanwa kuma tana ƙona naman.

Sai babban kuskurenka, yallabai: daina goge wurin. Jinin ba buroshi ne ya kawo shi ba, dattin ne. Ka sayi buroshi mai laushi, ka karkata shi ya kalli dasashi, ka riƙa juya shi a hankali ba dirzar tukunya ba, minti 2, safe da kuma kafin barci, da man goge baki mai fuloraid. Tsakanin haƙora a sa zaren sakace, a bar tsinken tsintsiya da allurar ɗinki, na san halin teloli. Kwanakin farko jinin zai ci gaba, kada ka tsorata, cikin sati ɗaya zuwa biyu yakan ragu. Ka je sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru, a auna, in da hali a ɗauki hoton ƙashin. In an rubuta maka ruwan kurkure baki na chlorhexidine, ka tsaya a kwanakin da aka ce, don yana rina haƙora in an daɗe a kansa.

Nas a Arkilla:

Yaya, tambaya ɗaya. Kana yawan jin ƙishirwa? Kana tashi fitsari da dare? Akwai mai ciwon suga a gidanku?

Tela daga Mabera:

Ikon Allah. Ƙishirwa kam ina sha, amma na ɗauka zafin Sakkwato ne. Fitsari sau uku ko huɗu kafin asuba. Mahaifiyata da ciwon suga ta rasu.

Nas a Arkilla:

Allah ya jiƙan Inna. To don Allah gobe kafin ka karya ka je a auna jininka. Suga da ciwon dasashi abokan tafiya ne: in suga ya hau, dasashi ba ya warkewa, in dasashi yana ruɓa kuma suga yana wuyar sauka. Sau da yawa daga kujerar likitan haƙori ake turo mana mutum, a nan ya fara sanin yana da shi. Masu shan maganin hawan jini irin su amlodipine da nifedipine su ma su faɗa wa likita, don yakan sa dasashin wasu ya yi kauri ya hau kan haƙori. Ban ce kowa ya daina maganinsa ba fa, likita ne zai canza in ya ga dama.

Malamin Islamiyya, Gidan Igwai:

Ƙarin bayani kaɗan, tunda ka ambaci alwala. A mazhabarmu ta Malikiyya jinin dasashi ba ya warware alwala, ka tofar ka kurkure ka yi sallarka. Asuwaki kuwa sunna ce mai ƙarfi, kada ciwo ya raba ka da ita. Sai dai ina ganin mutane da asuwaki ɗaya a aljihu wata guda, bakinsa ya yi baƙi ya bushe kamar ƙusa. A yanke bakin a tauna sabo, a wanke shi. Kuma yawancinmu haƙoran gaba kawai muke gogewa, na ciki da bayansu ko oho.

Maman biyu, Gwiwa:

Ku yi haƙuri in raɓa da tawa. Cikina wata biyar, ni ma jini nake gani, surukata ta ce ɗan ne yake shan haƙorana. Sannan yaron maƙwabciyata ɗan shekara uku, bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba, dasashinsa ya yi gyambo, bakin yana wari sosai, ya ƙi abinci.

Mai aikin haƙori:

Hajiya, naki mai sauƙi ne. Canjin jiki na ciki yana sa dasashi saurin kumbura ko da datti kaɗan ne, ɗan ba ya zuƙar komai daga haƙori. Ki ci gaba da gogewa, kuma ana wanke wa mai ciki haƙora lafiya lau, ki dai faɗa musu watanninki.

Na yaron ne ya tayar min da hankali. Yau za a kai shi, ba gobe ba. Haka cutar noma take farawa, wadda mutane suke kira ciwon iska: gyambo a dasashin yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 wanda abinci bai ishe shi ba, galibi bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Cikin kwanaki kumatu yake kumbura, naman ya mutu ya huje. A farkonta maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki da tsabtar baki suna tsayar da ita. Asibitin Noma yana nan cikin garin Sakkwato tun 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki da su tun 2014, kuma kyauta ake duba yara. Ciwon ba na aljanu ba ne, a Disambar 2023 ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman hakan. Ki shiga gidan yanzu ki gaya wa uwar, in mijinta yana jan ƙafa ki haɗa shi da wani babba.

Gwaggo ta Runjin Sambo:

To likita, na ji na gawayi. Amma gishirina dai an bar min shi.

Tela daga Mabera:

Jama'a na dawo, kwana goma sha biyu ke nan. Nas, kin yi gaskiya, an auna sau biyu an ce suga ne, an ɗora ni a kan magani, an kuma raba ni da shayi mai cokali huɗu. Haƙoran ma an wanke rabi, an ce in koma ranar Talata a shiga ƙarƙashin dasashin da allurar kashe zafi. Da na tofar a ɗan kwanon nan sai na ga ɓarɓashi baƙi kamar tsakuwar shinkafa, na ce wa yarinyar da take aikin ko haƙorin ne ya fashe, ta yi dariya ta miƙo min madubi. Giɓi kam ya fito, har iska nake ji tana wucewa, kuma kwana uku ruwan randa yana sa min zogi. Jinin ya ragu sosai, jiya na yi asuwaki ya fito fari. Mai girgiɗin an ce a ba shi wata uku a gani, in bai kama ba za a ɗaure shi da na kusa da shi.

Maman biyu, yaya jikin yaron? An kai shi kuwa?