Kocin ɗan ƙanwata ya tafi, ya shiga fotal ko ya zauna?

Kawu Bronx:
Assalamu alaikum jama'a, shawara nake nema wajen waɗanda abin ya taɓa ritsawa da su. Ɗan ƙanwata yana buga ƙwallon kwando a wata ƙaramar jami'ar Amurka ta Division 1 (rukunin farko a wasannin jami'o'i), shekararsa ta biyu kenan, da bizar ɗalibi ya zo daga Kano. Kocin da ya ɗauko shi ya samu babbar makaranta ya tafi, yaran ma a waya suka ga labarin, sabon kuma har yau bai neme shi ba. Yaron daga benci yake shigowa, amma akwai tsawo, karatunsa na injiniya kuma yana tafiya lafiya. Yanzu wani ejen ya dame shi da kira wai ya sa sunansa a transifa fotal (rajistar 'yan wasan da ke neman canja makaranta), uwar kuma ita dai digiri take so ta gani. Ya zauna ko ya fita?

Ɗan Kentaki:
Wa alaikumus salam. Ya bi kocinsa kawai. Lokacin da koci Calipari ya bar mu a Kentaki ya koma Arkansas a 2024 bayan shekara 15, ai D.J. Wagner da Adou Thiero da Ivisic duk bin shi suka yi, sabon koci Mark Pope ya zo ya tarar da gida wayam sai daga fotal ya haɗa tim. Wallahi har yau abin na min ciwo, ga Oakland sun cire mu a zagayen farko na gasar ƙasa ga koci ya kwashe yara.

Mai Tasi Chicago:
Kai ɗan Kentaki an tambaye ka yaron benci kana kawo mana Wagner. Wa ya ce kocin ya gayyace shi ma?

Baban Ummi:
Kawu ka saurare ni da kyau, ni wannan abin a gidana ya faru. Ɗana ma haka kocinsu ya tafi, ejen ya zo har falona ya sha shayi ya ce makarantu na layi a kansa. Muka sa suna. Abin da bai faɗa mana ba shi ne da zarar sunanka ya shiga fotal makarantar na da damar janye sukolashif ɗin a ƙarshen zangon, kuma haka suka yi, sabon kocin ya ba wani gurbin. Satin farko waya na ta ƙara, daga baya shiru, yaron yana zaune a ɗaki wayar na kan cinyarsa ko wanka zai shiga sai ya tafi da ita. Ejen ɗin ya daina ɗagawa. Ƙarshe Division 2 muka samu, rabin kuɗin makaranta ni nake biya, kuma kwasa-kwasan da ya riga ya ci da yawa sabuwar makarantar ta ƙi karɓa, shekara guda ta tafi a banza. Uwarsa har yanzu ni take ganin laifi. Yaran da suke shiga fotal ba su samu wuri ba babu mai saka su a talabijin, masu sa'ar kaɗai kuke gani.

Hajiya Houston:
Allah ya mayar da alheri Baban Ummi. Nawa ejen ɗin ya karɓa?

Baban Ummi:
Dala 1,500 na fara ba shi wai na bidiyo da tallata yaro, sannan kashi 20 na duk abin da aka samu. Ba a samu komai ba.

Mai Tasi Chicago:
Kashi 20?? An cuce ka Alhaji. A NBA ma ejen ba ya wuce kashi 4 na kwantiragi. Yaron maƙwabcina kashi 10 aka yanka masa kuma ko sisi ba su ba da a gaba ba.

Ɗan Zongo:
Mu namu kashi 15 ne, kowa da abin da ya ga dama yake yanka a harkar NIL ɗin nan, wato kuɗin da ɗan wasa ke samu ta talla da sunansa da hotonsa. Amma Baban Ummi kar ka tsorata mutane da labari ɗaya. Walter Clayton yana Iona kocinsu Pitino ya tafi St. John's a 2023, bai bi shi ba ya koma Florida, 2025 suka ɗauki kofi shi ne gwarzon Final Four (matakin tim huɗun ƙarshe). A tim ɗin ma akwai ɗan Najeriya Rueben Chinyelu, shi ma daga Washington State ya taho bayan kocinsu ya koma Stanford. Da sun zauna fa?

Baban Ummi:
Kai a talabijin ka gani, ni a aljihuna na ji. Wanda bai taɓa biyan kuɗin makarantar Amurka ba don Allah ya ɗan saurara.

Ɗan Zongo:
Alhaji da girmanka, ni na horar da yara a AAU (gasar matasa) shekaru, ba kallo kaɗai nake ba.

Ɗan Kentaki:
Tsayinsa nawa ne Kawu? In ya kai ƙafa 7 ka turo mana shi Lexington ni zan biya kuɗin mota 😂

Hajiya Houston:
Ku bar wasa. Ni kocin nake jin haushi, shi ya tafi ranar da ya ga dama ana ta masa barka, yaro in ya motsa a ce ba shi da amana. Da can ma sai ka zauna shekara guda ba ka buga ba in ka canja makaranta, sai 2021 aka sassauta. Koci Tony Bennett ya ajiye aikin Virginia ana saura 'yan makonni a fara kakar 2024, ba wanda ya tambayi halin da yaran suka shiga. Kawu, yaron ya je ofis ya ga sabon kocin ido da ido ya tambaye shi ina cikin lissafinka ko babu, kafin ya taɓa komai.

Kawu Bronx:
Na gode Hajiya, wannan zan sa shi ya yi gobe in sha Allah. To maganar biza fa? Ba wanda ya taɓo ta, ejen ɗin yana ta kiran kuɗin NIL.

Malam Ohayo:
Yauwa, nan ne gizo ke saƙar. Mai bizar ɗalibi ta F-1 ba ya aiki yadda ya ga dama, kuɗin NIL a cikin Amurka na iya jawo masa matsala. Oscar Tshiebwe ɗan Kwango da ya zama gwarzon ƙasa a 2022 sai da Kentaki suka je Bahamas ya yi tallace-tallacensa a can. Kuma in zai canja makaranta sai an mayar da rajistarsa sabon wurin, su ba shi sabuwar I-20, takardar makaranta da bizar ta dogara a kanta. Ejen ɗin da bai faɗi wannan ba ni ban yarda da shi ba.

Mai Tasi Chicago:
Wannan biza ita ce damuwar gaba ɗaya. Ƙanena yana digiri na biyu ya ƙi zuwa gida ko da mahaifinmu ya kwanta asibiti, tsoron kar ya je Abuja sabuntawa a hana shi dawowa.

Hajiya Houston:
Kai dai bari. Ni ɗiyar yayata tun bara take neman ranar intabiyu, kuɗin fom ɗin ma sun biya sau biyu. Malam Ohayo ta Legas ta fi sauri ne ko duk ɗaya?