Na'urar sanyinmu ta daina sanyaya ɗaki, ga tsohuwa ga yara

Mai tambaya, daga Sabon Gari, Damagaram:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗakinmu ginin siminti ne, rufin kwano, babu silin. A watan Maris muka sayi na'urar sanyi mai shan ruwa, imidifikatar, ta yi mana aiki sosai. Tun da Mayu ya zo ƙarshe, in an kunna ta sai jiki ya riƙa danƙo. Ƙurajen zafi sun feso wa yara a wuya, uwar mijina kuma ta haura saba'in, ba ta son shan ruwa. Lalacewa na'urar ta yi? Sannan ƙanena zai fara bin babbar mota zuwa Gaya, har Lome. Me zai kiyaye?

Mai gyaran fanka da na'urorin sanyi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Na'urarki lafiya lau take, iska ce ta juya. Zafin Damagaram iri biyu ne. A Maris da Afrilu iska busasshiya ce, danshinta ba ya kai kashi 20 cikin 100 da rana. Ruwan da ke jiƙa tabarmar bayan na'urar yana bushewa nan da nan, bushewar ce ke janye zafi, iskar da ta shiga da digiri 41 ta fito ƙasa da 30. Yanzu kuwa iskar kudu maso yamma ta fara shigowa ɗauke da laimar damina. Iskar da ta ƙoshi da ruwa ba ta shan wani, sai na'urar ta riƙa ƙara miki gumi.

Ki jingina bayanta da buɗaɗɗiyar taga, ki bar ƙofa ko wata tagar a buɗe don iskar ta samu mafita. Rufe ɗaki ruf aikin kilimatizar ne (wato AC), ba nata ba. Da tsakar rana ki kunna famfonta, da dare ko ranar da hadari ya haɗu ki kashe shi, ki bar fankar kaɗai. Tankin a zubar a wanke duk kwana biyu ko uku, in ba haka ba sauro ya samu gida. In kin ga farin gishiri ya daskare a tabarmar, a goge ko a canza ta. Kada ki ɓata kuɗi wajen zuba mata ƙanƙara, sanyin ba ya daɗewa.

Magini, daga Birni:
'Yar uwa, rabin wahalarki daga sama take saukowa. Kwano da azahar yana wuce digiri 60, siminti ya sha wannan zafin ya riƙa amayar da shi har tsakar dare, kamar yadda duwatsun Birni ke yi. A sa silin ko da na zana ne ko tabarma, a bar tazarar kamu biyu tsakaninsa da kwano, a huda kafar iska a saman silin a bango biyu masu fuskantar juna, a sa musu raga. In babu kafar, zafin nan zai taru ya sauko. Bangon yamma a kafa masa rumfar zana, taki ɗaya daga jikinsa. Shafa wa kwano farar ƙasa yana taimakawa ƙwarai, amma aikin Maris ne, yanzu ruwan farko zai wanke shi. Kada kuma a jibga kara a kan rufi, guguwar farkon damina za ta kwashe, wanda ya rage ya jiƙe ya jawo tsatsa.

Ma'aikaciyar lafiya:
Yaya, maganar Inna ta fi damuna. Tsoho ba ya jin ƙishirwa yadda ya kamata, kada a jira ta nema. A ajiye randa kusa da ita, a miƙa mata rabin moɗa duk awa, a haɗa da farau-farau, kunu ko fura mai ruwa-ruwa. Ma'aunin shi ne fitsari: in ya yi kaɗan ya yi ja, ruwa bai isa ba. In gudawa ta shigo ko ta galabaita, a dama SRO, wato garin gishiri da sukari na mayar da ruwan jiki, fakiti ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. In babu, sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin shayi, a lita ɗaya, a zubar da abin da ya kai awa 24. Ba abin sha na kullum ba ne. In tana shan maganin hawan jini mai sa fitsari, a sanar da likita, kada a dakatar da shi a gida.

Ki riƙe wannan da kyau: in jikinta ya yi zafi rau, ta fara sambatu ko ta kasa gane mutane, ba lokacin jira ba ne. A kai ta inuwa, a rage tufafi, a kwarara mata ruwa a jiki ana fifita, a sa jiƙaƙƙen tsumma a wuya da hammata, a nufi asibiti ana yi mata hakan a hanya. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin. Kuma in ɗaki ya wuce digiri 40, fanka a kan busasshen jiki wuta take hurawa, sai an yayyafa ruwa.

Ƙurajen yara kofofin zufa ne suka toshe. Wanka da ruwa zalla sau biyu ko uku, a tsane jiki, rigar auduga sakakkiya, a daina shafa mai mai kauri. In sun yi mugunya ko zazzaɓi ya biyo, a kai su likita. Masu kwana a tsakar gida su ɗaura gidan sauro tun yanzu.

Tsohon direba, daga Zango:
'Yata, ki faɗa wa yaron, jiƙa rawani da ke ceton mutum a hanyar Tanout da Agadez ba ya aiki a bakin teku. Lome ba ta cika wuce digiri 33 ba, amma laima ta cika iska, zufa ta zubo ba ta bushewa. Can iska mai motsi da inuwa ake nema. Ya tafi da rigunan auduga uku ko huɗu yana canzawa, ya tsane tsakanin yatsun ƙafa da matsematsi bayan alwala da wanka, nan ne ƙaiƙayi ke kamawa. Gaya tsaka-tsaki ce, ga zafin namu ga laimar kogin Kwara, kuma damina tana riga mu sauka can. Kada ya ajiye abincin safe ya ci da dare, don zai lalace. Gidan sauro ya zauna cikin jakarsa, in zazzaɓi ya kama shi ya je a gwada jini a ranar.