A ɓoye layin shafuka idan manhaja ta cika allo, ko a bar shi?

Malamin kwamfuta, Yelwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni dai a kan bakana nake: duk manhajar da aka ce ta cika allo, to ta ɓoye layin shafukan nan na sama, mai jera sunayen shafukan intanet da ka buɗe, gaba ɗaya, kamar yadda Chrome ke yi a Windows idan an danna F11. Kwamfutocin da ke hannun yaranmu yawancinsu na gwanjo ne, masu allo 1366 da 768. A tsayin 768 ɗin nan layin shafuka ya ci nasa, gurbin adireshi ya ci nasa, layin Windows na ƙasa ya ci nasa. Me ya rage wa mai karatu?

Mai kafe, Wunti: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara sani, amma kai ɗalibanka a kansu kake tsaye. Zo shagona lokacin cike fom. Yaro zai kai hannu ya goge harafi, yatsa ya zame kan F11, tunda maƙwabta suke da maɓallin gogewa. Komai na sama ya ɓace. Sai ya miƙe yana rantsuwa kwamfuta ta cinye masa aiki, lokacinsa kuma na tafiya, ni ne zan sha faɗa.

Malamin kwamfuta: To ai wannan rashin koyo ne, Alhaji, ba laifin manhaja ba. Shafukan suna nan. Ctrl da Tab zai kai shi na gaba, Ctrl da 1 zuwa 8 kowanne da shafinsa, Ctrl da 9 na ƙarshe.

Mai kafe: Mutumin da bai gama gane inda harafin ƙ yake ba, shi zan ɗora wa haddar Ctrl da 9?

Malamar sakandare, GRA: Ni ina bayan Malam, amma dalilina daban ne. Ranar da ka haɗa kwamfutarka da majigi a gaban aji, za ka gode wa wanda ya ƙirƙiro ɓoyewar nan. Yara ba sa kallon darasi, sunayen shafukan sama suke karantawa: wannan Facebook, wannan farashin atamfa. Har a taron malamai na ga an yi wa wani babba dariya a kan haka.

Mai gyara, Muda Lawal: Hajiya, naki uzuri ne mai ƙarfi. Sai dai akwai abin da kowa ya tsallake. Cika allo iri biyu ne. Akwai wanda kai ka yi da F11, shi da F11 ɗin ake fita. Akwai kuma wanda shafin intanet da kansa yake nema, kamar na bidiyo, shi ne Esc ke kashewa. Na biyun nan 'yan damfara ke so. Shafi ya cika allo, gurbin adireshi na gaskiya ya ɓuya, sai su zana na bogi a sama, da sunan banki da hoton kwaɗo da komai. Ko kuma su rufe allo da gargaɗin wai kwamfutarka ta kamu da cuta, ka kira lamba kaza. Shi ya sa burauza, wato manhajar shiga intanet irin Chrome, ke fito da ɗan rubutun nan cewa a danna Esc don fita, wanda ba mai karantawa. Duk wanda ka saba masa da allo marar adireshi, ranar da aka ɓoye masa da mugun nufi ba zai ji wani baƙon abu ba.

Malamin kwamfuta: Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Amma ba zan hana ɗalibi faɗin allo saboda ɓarawo ba. A koya masa kada ya rubuta lambar sirri sai yana ganin adireshi, shi ke nan.

Ɗalibar jami'ar ATBU: Iyayena, ku yi haƙuri in sa baki. Kamar kuna musu ne a kan Chrome kaɗai. A Firefox da Edge, idan allo ya cika, kana kai linzami (wato maus) can sama layin shafukan zai sauko, ka janye ya koma. A Mac ma Chrome ɗin da kansa yana da zaɓi a ƙarƙashin View na barin layin a bayyane. Sannan idan tsayi ne matsalar Malam, Edge ya kawo jera shafuka a gefe tun 2021, Firefox ya bi sahu a 2025. Allonmu faɗi gare shi, tsayi ne babu.

Malamin kwamfuta: Na gwada na gefen, 'yata. Idona bai karɓa ba. Kuma mai saukowa da kansa yana ba ni haushi, da linzami ya ɗan gota sai ya rufe mini layin farko na rubutu.

Mai kafe: Ku bar Malam da idonsa. 'Yata, ni wanda ba ya ɓacewa sam nake nema. Akwai?

Ɗalibar ATBU: Akwai, Baba. A Firefox ka danna F11, ka kai linzami sama, ka danna maɓallin dama na linzamin a kan fili na layin, ka cire alamar da ke kan Hide Toolbars. Sai ka bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya.